MAƘWABCINKA BA SHI NE MACIJIN KUSUGU BA



Rubutun nan zai yi tsawo. Wanda ya san ba zai iya kaiwa ƙarshe ba, don Allah kada ya karanta layi biyu ya garzaya kwament ya hau zagi. Zan taɓa 'yan uwana Kirista, zan taɓa abokaina Musulmi, zan kuma taɓa kaina. Kowa ya jira nasa kason.

Ranar Asabar da ta wuce na raka wasu baƙi uku da suka zo mana daga Jos zuwa rijiyar Kusugu. Ai duk wanda ya zo Daura bai leƙa Kusugu ba, kamar bai zo ba ne. Aka jefa guga aka ɗebo mana ruwa muka sha, aka ba su labarin da kowane ɗan Daura ya haddace tun yana firamare. Muna fitowa sai ƙaramin cikinsu ya matso kusa da ni, ya yi ƙasa da murya ya ce: "Yaya, wai ta yaya kuke iya zama cikin mutanen nan? Ba ku jin tsoro?"

Jama'a, ruwan da "mutanen nan" suka ɗebo masa ko gama wucewa maƙogwaronsa bai yi ba.

Ban ga laifinsa gaba ɗaya ba. Yaron ya binne 'yan uwa a Filato, kuma wanda maciji ya taɓa sara, ko igiya ya gani sai ya yi tsalle. Amma tambayarsa ta hana ni barci, domin irinta nake gani kullum a wayata, daga ɓangarorin biyu. Can ana cewa "mutanen nan", nan ma ana cewa "mutanen nan". Kowa ya mai da ɗan uwansa dodo.

Ga waɗanda ba su san ni sosai ba: ni Bahaushe ne, ni Kirista ne. Kakana Bamaguje ne daga kudancin Katsina, ya karɓi bishara tun zamanin 'yan mishan. Aikin asibiti ya kawo mahaifina Daura, nan aka haife ni, nan na yi wasan ƙasa, nan na yi karatu, nan aka binne mahaifiyata. Ba ni da wani yare sai Hausa. Da ita nake addu'a, da ita nake karanta Littafi Mai Tsarki, wanda aka fitar da shi cikakke da Hausa tun 1932. Idan an ce kowa ya koma garinsu, ni ban san inda zan nufa ba in ban da bayan gidanmu. Don haka maganar zaman lafiya a wurina ba ta taron otal ba ce da ake raba ruwan roba da alawus. Maganar ko 'ya'yana za su girma a garin nan ne ko a'a.

Mu koma Kusugu tukuna. Labarin ya ce akwai maciji a rijiyar, ana kiransa Sarki, ba ya barin kowa ya ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Baƙo ya iso gari da dare, Bayajidda, ya sauka gidan wata tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa, ta ce babu, ta faɗa masa dalili. Ya karɓi guga ya tafi, ya sare kan macijin. Da gari ya waye mutane da dama suka ce su suka kashe, sai da Magajiya Daurama ta ce a kawo kan, sannan aka san na gaskiya. Ko ka ɗauke shi tarihi ko ka ɗauke shi tatsuniya, akwai abu uku a ciki da nake so mu riƙe.

Na farko, macijin bai ware gida ba. Ƙishirwar ta kowa ce. Na biyu, labarin asalinmu gaba ɗaya ya fara ne da tsohuwar da ta sauki baƙon da ba ta san garinsu ba. Na uku, mutanen Daura na wancan zamani, duk wahalar da suka sha, ba a ce sun tashi sun far wa juna ba. Sun san inda macijin yake. Mu ne yau muka rikice, muka bar maciji kwance a rijiya, muka ɗauki sanda muna neman kan maƙwabci.

Kowa ya san abin da ya sake hura wutar nan. Ranar 31 ga Oktoba 2025 shugaban Amurka Donald Trump ya sa Najeriya cikin jerin ƙasashen da ya ce ana tauye 'yancin addini, washegari kuma ya yi barazanar turo soja. Tun daga ranar Facebook ya koma filin daga. Wasu na murna kamar an yi musu albishir, wasu na rantsuwa ko Kirista ɗaya ba a taɓa kashewa don addininsa ba a ƙasar nan. Muna cikin wannan cacar baki aka shiga makarantar 'yan mata ta Maga a jihar Kebbi ranar 17 ga Nuwamba, aka kashe mataimakin shugaban makarantar, aka kwashe ɗalibai 25. Bayan kwana huɗu aka shiga makarantar Katolika ta St. Mary a Papiri, jihar Neja, aka kwashe ɗaruruwan yara. To me na gani a wayata? Waɗanda suka yi kukan Maga da yawansu sun yi shiru a kan Papiri, waɗanda suka yi kukan Papiri da yawansu ko ambaton Maga ba su yi ba. Yara fa! Har hawaye ma sai mun duba sunan yaro kafin mu zubar.

Bari in fara da gida.

'Yan uwana cikin Almasihu, na ga wasunmu suna ɗora hoton jirgin yaƙi suna rubuta "Haleluya". Na ga ana cewa Allah ya amsa addu'a, ya turo mana Bayajidda daga Amurka. Haba jama'a! Wane Littafi muke karantawa? Ku buɗe Luka sura 9. Wani ƙauyen Samariyawa ya ƙi karɓar Yesu, sai Yakubu da Yohanna suka nemi izini su kira wuta daga sama ta cinye garin. Yesu bai yaba musu ba, tsawata musu ya yi, suka wuce wani ƙauye. A daren da aka zo kama shi, Bitrus ya zare takobi ya sare kunnen bawan babban firist. Ubangiji ya sa ya mai da takobin kube, ya kuma warkar da kunnen mutumin da ya zo kama shi. A kan gicciye ma gafara ya roƙa wa masu kashe shi. Wannan shi ne Ubangijin da muke tafa hannu muna yi wa waƙa ranar Lahadi. To ranar Litinin wa muke bi?

Kuma ko mun ajiye Littafi mun yi magana ta hankali, bom yana tambayar suna ne kafin ya faɗo? Ku tambayi mutanen Tudun Biri a jihar Kaduna. Ranar 3 ga Disamba 2023 jirgin sojanmu na gida, ba na baƙo ba, ya saki bom a kan masu Mauludi bisa kuskure, aƙalla mutum 85 suka mutu. Idan na gida ya yi wannan kuskure, me kake tsammani daga wanda bai san bambancin Kafur da Kankara ba? Wanda ya yi jifa a kasuwa bai san kan wa dutsen zai faɗa ba. Sannan ku tuna ƙarshen labarin Bayajidda: baƙon da ya kashe maciji bai tafi hannu rabbana ba, sarauniya ya aura, mulki ya koma hannun zuriyarsa. Babu baƙon da ke kashe maka maciji kyauta. Kuma ranar da jiragen suka koma gida, ni da Malam maƙwabcina ne za mu sake haɗuwa a bakin famfo da asuba, ba Trump ba.

Wani abu kuma da ba ma son ji: mu ma hannunmu ba fari tas ba ne. A rikicin bayan zaɓen Afrilu 2011, wanda ya ci rayuka sama da 800 a jihohi 12 na Arewa har da tamu Katsina, an ƙona mana majami'u da yawa, gaskiya ne. Amma a Zonkwa fa? Musulmi nawa aka kashe can? A Yelwan Shendam a 2004 fa? Matafiyan da aka tare a hanyar Rukuba cikin Jos a watan Agusta 2021, suna dawowa daga taron zikiri a Bauchi, me suka yi? Mafarauta 16 da aka kashe aka ƙona a Uromi ta jihar Edo a watan Maris 2025, suna kan hanyar zuwa Kano yin Sallah, me suka yi? Na ga masu sunan Kirista a nan Facebook suna neman wa wannan kisa hujja. Na ji kunya ranar. Idan muna so duniya ta ji kukanmu, ba za mu riƙa toshe kunne idan na wani ne ba.

Na san abin da za a ce: "Kai ai ka sayar da kai, tsoro kake ji don kana zaune cikinsu." An riga an faɗa mini a inbox. Wani ma ya kira ni Yahuza. To ku ji: umarnin ƙaunar maƙiyi ba ni na ƙirƙira ba, yana nan cikin Matiyu sura 5, kuma ba a ba da shi ga mutanen da ke zaune cikin daɗi ba. An ba da shi ga mutanen da sojan Roma ke taka wa wuya. Idan yana da wuya, dama ba a ce mai sauƙi ba ne. Wanda yake so ya cire shi daga Littafi, ya fito fili ya ce ya cire, ya daina fakewa da sunan Yesu yana wa'azin ramuwar gayya.

Yanzu kuma abokaina Musulmi, waɗanda muka tashi tare, muka ci tuwo a kwano ɗaya. Na san kun ji daɗin abin da na faɗa a sama. To ku gyara zama, ga naku.

Don Allah ku daina ce mana "babu wata matsala". Akwai. Wanda takalmi ke matsewa shi ya san inda yake ciwo. Ranar 12 ga Mayu 2022 ɗalibai suka kashe Deborah Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari a Sakkwato, suka ƙona gawarta, suka ɗauki bidiyo da fuskokinsu a fili. Har yau babu wanda aka yanke wa hukunci a kan kisanta. Ban zo muhawarar abin da ta faɗa ba, kuma ni ba na goyon bayan kowa ya taɓa abin da wani ya ɗauka da tsarki. Amma ko a shari'ar Musulunci na ji malamai da kansu suna cewa hukunci na alƙali ne, ba na taron jama'a ba. Kuma wutar da aka kunna ba ta tsaya kanmu ba: a watan Yuni 2023 a wannan gari na Sakkwato aka kashe Usman Buda, mahauci, Musulmi, da irin wannan zargi. Idan ka koya wa yaro jifa, wata rana kanka zai fasa.

A Damagaram, nan bayan Kongolam, a watan Janairu 2015 aka ƙona majami'u saboda zanen da wata jarida ta yi a Faransa. Me Kiristan Damagaram ya sani game da jaridar Faransa? A nan jiharmu, a watan Mayu 2022 aka shiga cocin Katolika na Gidan Maikambo a Kafur aka kwashe limaman coci biyu. Waɗannan ba farfagandar Turawa ba ce, abubuwa ne da suka faru.

Akwai kuma ƙananan abubuwan da ba sa shiga labarai amma su ne ke cin rai kullum. Na taɓa zuwa wani ofishi neman takarda, mutumin ya dubi sunana, ya dube ni, ya yi dariya ya ce: "Bahaushe kuma Kirista? Ai ba a yi." Na ce masa, ranka ya daɗe, ga shi kuwa an yi, gani a gabanka. Sai da na yi ta zarya kafin in samu abin da wani ya karɓa cikin yini ɗaya. 'Yata ta taɓa dawowa daga makaranta tana kuka ta tambaye ni ma'anar "arniya". Ku gaya mini, da wane baki zan yi wa yarinya 'yar shekara bakwai bayani? Ikilisiyoyi da yawa a Arewa suna shan wuya kafin su samu fili ko takardar filin gina wurin sujada. Fadar Paparoma ta kafa dayosis na Katsina a 2023, ta naɗa Bahaushe, Bishof Gerald Mamman Musa, ya jagorance shi. Muna nan, ba baƙi ba ne, ba kuma jiya muka zo ba. Idan mun yi ƙorafi, kada ku ce Amurka ce ta aiko mu. Ku saurare mu kamar yadda kuke so a saurare ku idan aka taɓa ɗan Arewa a Kudu.

Amma ni ba zan yi muku abin da nake roƙo kada ku yi mini ba. Ba zan ce ku ba a kashe ku ba. Ranar 19 ga Agusta 2025 'yan bindiga suka buɗe wa masu sallar asuba wuta a Unguwar Mantau ta Malumfashi, gomman mutane suka mutu. Yaran Kankara sama da 300 da aka kwashe a Disamba 2020, 'ya'yan wa ne? A nan cikin Daura aka zo aka ɗauke Magajin Gari a ƙofar gidansa a watan Mayu 2019, ya yi wata biyu a hannunsu. Ƙauyukan Batsari, Jibiya, Safana da Faskari da aka tarwatsa, yawancin mutanensu Musulmi ne. Kwana goma bayan kisan Deborah aka harbe Harira Jubril, mai ciki, da 'ya'yanta huɗu a jihar Anambra. Duk wanda ya ce jinin Musulmi bai zuba a ƙasar nan ba, maƙaryaci ne. Duk wanda ya ce babu Kiristan da aka kashe don addininsa, shi ma maƙaryaci ne. Gaskiya biyu ba sa korar juna. Mu ne muka mai da gawa abin gasa, kowa na ƙirga tasa yana ɓoye ta wani.

To ina macijin yake? Yana inda aka bar daji a hannun ɗan bindiga shekara da shekaru. Yana kotun da fayil ke ɓacewa. Yana wurin ɗan siyasar da ba ya tuna addini sai zaɓe ya matso, ya je coci ya durƙusa, ya je masallaci ya raba shinkafa, 'ya'yansa kuwa suna karatu a Ingila tare da 'ya'yan abokin hamayyarsa. Yana kan mumbari da bagadi, wurin mai wa'azin da ya gano cewa zagin wani addini ya fi tara jama'a a kan koyar da nasa. Yana cikin wayar nan da ke hannunka, wurin masu shafukan da ke ɗauko tsohon bidiyo daga wata ƙasa su ce jiya aka yi a Filato ko a Zamfara, domin kowane dannawa kuɗi ne a aljihunsu. Kai kana ƙona datarka da zuciyarka, shi yana ƙirga riba. Lokacin da aka cire tallafin mai a Mayu 2023, gidan mai ya tambayi addininka? Da aka rufe iyakar Nijar a wannan shekarar kasuwar Mai'aduwa ta yi sanyi, yunwa ta tsallake gidan fasto ko na liman? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma mu da hannunmu muke ƙara faɗin tsagar.

Kada wani ya fahimce ni a karkace. Neman zaman lafiya ba shi ne yin shiru a kan zalunci ba. Zaman lafiyar da aka gina a kan "yi haƙuri ka rufe baki" irin na zamanin macijin ne: ruwa sau ɗaya a mako, a ce ka gode. Yesu da kansa, da aka mare shi gaban babban firist, ya tambayi dalilin marin. Manzo Bulus da aka yi masa bulala ba bisa ƙa'ida ba a Filibi, bai sulale ya tafi ba, sai da ya sa mahukunta suka zo da ƙafarsu. Mu ma muna da sashe na 38 na kundin tsarin mulki da ya ba kowa 'yancin addini, da sashe na 42 da ya hana nuna bambanci. Mu nemi haƙƙinmu da baki, da alƙalami, da kotu, da ƙuri'a. Abin da aka hana mu shi ne ƙiyayya da ramuwa. Kana iya tsayawa kan gaskiyarka ƙyam ba tare da ka yi fatan a ƙona gidan kowa ba.

Akwai labarin rijiya a cikin Farawa sura 26 da nake yawan tunawa idan na je Kusugu. Ishaku ya haƙa rijiya a kwarin Gerar, makiyayan wurin suka ce tasu ce, ya sa mata suna Esek, wato jayayya. Ya haƙa ta biyu, aka sake rigima, ya kira ta Sitna, wato gaba. Yana da dukiya da mutanen da zai iya faɗa da su, har sarkin garin ya ce ya fi su ƙarfi. Amma ya matsa gaba ya haƙa ta uku, ba wanda ya yi jayayya, ya kira ta Rehobot, wato an samu fili. Daga baya sarkin da ya kore shi ne ya biyo shi neman sulhu, Ishaku kuwa ya dafa musu abinci. Rikicin makiyaya da ruwa ba yau ya fara ba, kuma wanda ya ci nasara a labarin shi ne wanda ya ƙi gajiya da haƙa. Wannan Ishakun ne shi da wansa Isma'ilu suka haɗu suka binne mahaifinsu Ibrahim tare. A bakin rijiya kuma Yesu ya roƙi ruwa wurin Basamariya, 'yar ƙabilar da mutanensa ko ƙoƙo ba sa haɗawa da su. Shi ya fara miƙa hannu, kuma da roƙo ya fara, ba da gori ba.

Wani zai ce wannan duk labarin dā ne. To ga na yanzu. Ranar 23 ga Yuni 2018 aka kai hari ƙauyukan Barikin Ladi. Wani dattijon limami a Nghar Yelwa, Malam Abubakar Abdullahi, ya buɗe masallacinsa da gidansa ya ɓoye mutum 262, yawancinsu Kirista. Maharan suka zo suka ce ya fito da su, ya ƙi, ya ce sai dai su fara da shi. A Kaduna, Fasto James Wuye ya rasa hannunsa a rikicin 1992, Imam Muhammad Ashafa kuma ya rasa malaminsa da 'yan uwansa a wannan rikici. Kowannensu yana da dalilin ƙin ɗayan har abada. A 1995 suka haɗu, daga baya suka kafa cibiyar sulhu, suka yi shekaru suna shiga inda wuta ke ci suna kashewa. A Kano lokacin zanga-zangar tallafin mai ta Janairu 2012, Kirista sun yi wa Musulmi kariya suna sallah, Musulmi kuma suka ziyarci coci-coci. Abokaina Musulmi kuma kun fi ni sanin inda sahabbai suka yi hijirar farko: Habasha, wurin Najjashi, sarki Kirista, wanda ya ƙi miƙa su ga masu nemansu.

Ni ma ina da nawa. A wancan mako na Afrilu 2011, labari na ta shigowa ana ƙone-ƙone a garuruwa, mun kulle ƙofa, mahaifiyata tana addu'a a ɗaka. Sai muka ji sallama. Maƙwabcinmu ne, dattijo, muna ce masa Baba. Ya shimfiɗa buzunsa a ƙofar gidanmu ya zauna da carbinsa. Mahaifina ya ce, "Malam, ka shiga gida mana." Ya ce, "A'a, iskar nan ta fi daɗi." Kwana uku yana shan wannan iskar. Bai taɓa kiran abin da suna ba har ya koma ga Allah. Ranar jana'izarsa na tsaya a gefe har aka idar da sallah, na bi su maƙabarta, na zuba ƙasa da hannuna. To yaron Jos, ga amsar tambayarka: haka muke zama cikin "mutanen nan".

Daurama ba ta karɓi "ni na kashe" da baki ba, cewa ta yi a kawo kai. Kowa a Facebook mai son zaman lafiya ne da baki. Ga kan da nake so mu kawo, kuma da kaina zan fara:

1. Duk bidiyo ko hoton da ban san asalinsa ba, ba zan tura ba, ko da fastona ne ya turo a guruf. Kai ma ko malaminka ne.

2. Idan aka kashe na wancan ɓangare, zan yi ta'aziyya a fili ba tare da "amma" ba. "Allah ya jiƙansu, amma mu ma…" ba ta'aziyya ba ce, ciniki ne.

3. Idan nawa ya yi ɓarna, ni zan fara tsawata masa. Tsawatarwar ɗan gida ta fi ta bare shiga kunne. Kirista ya yi maganin bakin Kirista, Musulmi ya yi maganin bakin Musulmi.

4. Mu kula da abin da muke faɗa gaban yara. Yaron da ya ce wa 'yata arniya ba da kalmar aka haife shi ba. Yaron da ke cewa duk Bafulatani ɗan ta'adda ne, shi ma a gida ya ji.

5. Mu koma zuwa suna, biki, dubiya da gaisuwar mutuwa na juna. Da can naman Layya na shigowa gidanmu, shinkafar Kirsimeti na fita. A wasu unguwanni abin ya fara mutuwa, kuma ba wanda ya yi doka, mu ne muka bari.

6. Fastoci da malamai, ku san juna tun kafin ranar tashin hankali. Ba a fafe gora ranar tafiya. Fasto ya riƙe lambar limamin unguwarsa, liman ya riƙe ta fasto. Muna kuma roƙon Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar, da hakimai da dagatai su ci gaba da riƙe kowa a matsayin ɗa, domin inuwar sarki ba ta ware kan wanda za ta rufe.

7. Mu haɗa baki mu tambayi gwamnati abu ɗaya: ina waɗanda suka kashe Deborah, ina waɗanda suka kashe mafarautan Uromi, ina waɗanda suka harbe masallatan Mantau? Ranar da Kirista ya fito neman haƙƙin Mantau, Musulmi ya fito neman haƙƙin Papiri, ranar masu mulki za su daina barci.

Ban ce mu zama addini ɗaya ba. Ni na gaskata Yesu Almasihu ne Mai Cetona, abokina Musulmi bai yarda da haka ba, kuma ba za mu yaudari juna mu ce duk ɗaya ne ba. Allah ne zai yi hukunci a ranarsa. Amma kafin ranar, rijiya ɗaya muke sha, kasuwa ɗaya muke ci, hanya ɗaya 'yan bindiga ke tare mu. Annabi Irmiya ya rubuta wa mutanen da aka kwashe bauta zuwa Babila cewa su nemi lafiyar garin su kuma yi masa addu'a, domin lafiyarsu a ɗaure take da tasa. Idan aka faɗa wa bayi haka game da garin da ya ci su da yaƙi, ina ga ni da garin da aka yanke cibiyata?

Wanda ya ga na yi kuskure ya gyara mini cikin mutunci, zan karɓa. Wanda ya zagi wani addini a ƙarƙashin rubutun nan, ko nawa ko na wani, zan goge, kuma ba zan ba da haƙuri ba. Wanda ya ga akwai amfani ya tura gaba.

Allah ya kuɓutar da duk waɗanda ke hannun 'yan bindiga, ya ta'azantar da waɗanda suka yi rashi, ya ba shugabanninmu tsoronsa. Allah ya zaunar da Daura lafiya, ya zaunar da Katsina da Najeriya lafiya. Amin.